Zauren da Ɗantani ya gina a faifai

Ɗantani mai faifai ba ɗana ba ne, ba mu kuma haɗa dangi ba. Ubansa na sani, Malam Falalu na Dosara. Shekaru da yawa muna haɗuwa a kasuwar Janbako, shi ya kawo awaki, ni in kawo igiya. Abin da ya sa na ɗauki biro a kan ɗansa, ni da karatuna na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, wani abu ne da ya yi wa gidana bara. Amma sai na fara faɗin irin mutumin da yake.

Ranar Litinin aka haife shi, shi ya sa sunan. Tun yana ƙarami ba ya ganin abu a rufe ya bar shi. Ya kwance tocilan, ya kwance kwaɗon rumbu, daga baya ya kwance rediyon ubansa a tsakiyar damina, lokacin da ake jiran labarin taki. Malam Falalu bai doke shi ba. Ya ɗora shi a bayan keke ya kai shi Bakura wurin wani mai gyaran rediyo, ya ce tun da buɗewa ya iya, a koya masa rufewa.

A Bakura ya fara ganin gem. Akwati ne ɗan ƙarami da ake jonawa da talabijin, da wasu hannuwa biyu masu maɓallai a bakin waya. Mutum ya danna a nan, wani ɗan mutum ya yi tsalle a can cikin gilashi. Da ya samu 'yancin kansa sai ya kama shago kusa da tasha, ya ajiye talabijin biyu da benci da ƙaramin janareta. Iyaye sun yi ƙorafi, ya sa doka: ba a kunnawa lokacin makaranta, kuma da an kira salla yana zare waya ko ana tsakiyar ƙwallo. An zage shi a kan wannan fiye da yadda aka yabe shi.

A nan ya gano cewa masu ƙera gem suna ɓoye abubuwa a ciki. Babu alama, babu rubutu. Sai wanda ya sani ya danna sama, ƙasa, dama, dama, a jere, sai wata ƙofa ta buɗe. Ya riƙe wannan a ransa.

Daga baya ya sayi kyamara ya shiga ɗaukar biki da suna, yana zubawa a faifan difidi. Nan ya haɗu da matsalar da duk mai wannan sana'a ya haɗu da ita a wajenmu. Mata suna so a ɗauki nasu taron na cikin gida, maza ba sa so. Faifai abin aro ne, yau yana gidanka, gobe yana shagon mai shayi, samari na kallon matarka tana rawa ba mayafi. Wasu masu kyamarar sun daina shiga ƙauyuka gaba ɗaya.

Ɗantani ya auri Taiba, 'yar wani tela, ya koya mata riƙon kyamara. Ita ke shiga wurin mata. Ita ke yankewa da haɗawa a kwamfuta, shi yana waje. Idan ya zo zuba nata aikin a faifai, kwali yake karawa a kan gefen allon da hoto ke fitowa. Na ga kwalin da idona, na sabulu ne, har ya yi laushi don riƙo.

Sai shafin farko, wanda ke fitowa da an saka faifai, mai hoto da 'yan rubuce-rubuce da mutum zai zaɓa da rimot. Masu boko suna da sunan da suke kiransa. Ɗantani zaure yake ce masa. Ya ce nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama. A zaurensa ƙofa biyu ake gani, ɗaurin aure da walima. Ta uku tana nan amma ba a ganinta. Yakan kira uwar amarya gefe ya tambaye ta, daga zauren gidanku, ta ina ake bi a kai ƙofar ɗakinki? Yadda ta faɗa, haka yake jera dannawar. Ba ya rubutawa, ba ya ajiye kwafi. Mata sun riƙe wannan a tsakaninsu shekara da shekaru. Ni kaina sai bara na san cewa hanyar gidana ce mabuɗin.

Mu a Faru muke a lokacin. Da za mu aurar da ɗiyarmu ta fari, Batulu, shi na kira saboda ubansa. Suka zo a babur, Taiba a baya rungume da kyamara cikin zani. Bayan mako biyu muka je Bakura karɓar faifai, ni da mai ɗakina Murja. Ita ta shiga shagon suka yi maganarsu kafin ya zuba faifan, ni na zauna a bakin ƙofa ina tufkar igiya.

Batulu ta shekara biyu a ɗakinta. Ta haifi mace, aka sa mata Rumaisa, yarinya na da wata bakwai zazzaɓi ya ɗauke uwar. Allah ya jiƙanta. Uban ya tafi kudu neman abinci, muka riƙe jikarmu. Da zaman ƙauye ya gagara muka taso Talata Mafara da abin da hannu zai iya ɗauka. Hotunan da ke jikin bango can suka tsaya, kuma an ce mini gidan ya zube tun daminar farko.

Shi ma Ɗantani duniya ta juya masa. Waya ta shigo, kowa ya zama mai kyamara, faifai ya mutu, benci ya zama wayam. Ya taso Mafara ya buɗe ɗan shago a bakin kasuwa, yana gyaran waya yana tura karatu da wa'azi a memori. Amma bai rabu da gem ba. Ya samo wata dabara da kwamfuta ke kwaikwayon tsofaffin akwatunan nan, har gem ɗin da aka yi tun kafin a haifi wasu ya tashi ya yi aiki. Na tambaye shi yadda haka ke yiwuwa, don a inuwar shagonsa nake shimfiɗa igiyoyina. Ya ce, “Baba, rarrashinsa ake yi. Kwamfuta ta yi masa muryar gidansu, shi ko ya ɗauka gida yake.” Waɗanda ya kora daga benci lokacin salla a Bakura, yanzu magidanta ne da tumbi, su ne ke zuwa ranar Talata a sa musu wasan yarintarsu a waya.

Rumaisa ta kai shekara goma sha biyar ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ba. Ba ta ma ji labarinta sosai ba, saboda Murja mai kunyar ɗan fari ce ta gaske, ko sunan ba ta faɗa, sai dai “yarinyar ga”. Ni kuma ba mai yawan magana ba ne. Ana gobe jajibirin ƙaramar salla yarinya ta buɗe kwallar kakarta tana neman ɗankwali, sai ta ci karo da faifai naɗe a tsumma. A bayansa an rubuta sunan uwarta da baƙin alƙalami.

Ta kawo mini a hannu biyu. Ta ce, “Tsoho, tana ciki?”

Na ce tana ciki.

“Tana magana?”

Na ce ban sani ba, wurin mata ne, ban taɓa gani ba. Ta juya wurin kakarta. Murja ta ci gaba da tsince shinkafa, ta ce sau biyu ta kalla a gidan maƙwabta, tun ana kunna janareta a Faru, kuma ba ta da abin cewa.

Bayan salla na kai wa Ɗantani faifan. Muka gaisa, ya tambayi gida da jiki da zafi da mutanen Faru da suka watsu, na tambayi Taiba da yara da kasuwa. Sannan na warware tsumman. Ya ɗaga faifan a rana yana juyawa. Akwai ƙarce guda mai tsawo, bakinsa kuma ya fara dusashewa kamar idon tsoho.

Ya ce kwamfutocin yanzu ba su da bakin faifai. Injinan difidi kuwa duk wanda ya sani ya mutu ko an yi kaskon turare da shi. Akwai mai na'ura a Gusau da zai iya tsallake zauren ya kwashe komai kai tsaye, amma a gabansa za a buɗe, da yaran shagonsa.

Da na kai wa Murja wannan, ta ajiye ludayi. “Malam, mata arba'in na cikin abin ga, babu mai mayafi. Wasu na raye, mazansu na raye. Amana sunka ba Taiba. Ba a kai shi Gusau.”

Rumaisa ta ce, “To ke Inna, in mutu ban gan ta ba ke nan?”

“Wa ac ce ki mutu? Ke da ko tuwo ba ki iya tuƙawa ba, ina za ki?”

Yarinya ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗaki. Kwana uku tana cin abinci kamar magani.

A rana ta huɗu Ɗantani ya ce mu zo gidansa ranar Laraba da hantsi, bayan hayaniyar kasuwa ta wuce. Ashe akwai akwatin gem guda da bai taɓa sayarwa ba, baƙi, na ƙarshen da ya saya a Bakura, irin wanda ke cin faifan fim ma. Yana ƙarƙashin gado cikin buhu. Ya kwance shi, ya goge masa idon da ke karanta faifai da auduga, ya shafe faifan da man goge baki ya wanke ya shanya a inuwa.

Ya shirya komai a ɗakin Taiba. Talabijin a kan batirin sola, da wata waya daga akwatin zuwa kwamfuta, don duk abin da ya fito Taiba ta kama shi nan take. Ya ce idan ya buɗu, kada a dogara zai sake buɗuwa. Sannan ya zuro wayar hannun gem ta taga, ya shimfiɗa mana tabarma a gindin bango, muka zauna ni da shi mun ba tagar baya. Mata uku suna ciki, labule a sake.

Akwatin ya yi gurnani ya yi shiru. Taiba ta ce allo baƙi ne. Aka kashe aka kunna, haka. Ɗantani ya ce, “Kifa shi.”

“In kifa mi?”

“Akwatin. Ki juya shi cikinsa sama. Haka muke yi masa in ya yi gardama.”

Murja ta ce, “Yau ga likitan ƙwarya.”

Aka kifa. Ya yi gurnani, ya yi ƙyaf-ƙyaf, sai muka ji kiɗan kalangu siriri yana fitowa. Taiba ta ce zaure ya fito, ga ƙofar gidan Faru, ga ɗaurin aure, ga walima. Na ji Rumaisa ta ja numfashi.

Ɗantani ya ɗaga murya. “Inna, bismilla. Daga zaure, ta ina?”

Murja ba ta yi jinkiri ba, gidan da ta shekara talatin a ciki. “Gabas. Gabas kuma, ka wuce rijiya. Arewa wajen rumbu. Gabas. Sannan gusum, ga ƙofata.” Gusum ita ce kudu a bakinmu.

Ya danna biyar ɗin, ya danna na shiga. Sai muryar liman ta tashi yana karanta siga.

Taiba ta ce, “Ɗaurin aure na. Ga Baba nan da babbar riga, ya yi kamar hakimi.”

Ya koma zaure, ya sake, a hankali. Liman ya sake tashi. Ya ce ko Inna ta manta wani lungu. Murja ta ce ita ta manta? Ta bi hanyar nan da tulu a kai, ta bi ta da ciki, ta bi ta da goyo, shi da ya zo sau ɗaya a babur shi zai gyara mata? Ya ba ta haƙuri, ya gwada na uku. Kiɗan ya sarƙe, ya maimaita wuri ɗaya kamar mai in'ina, sai ɗif.

Taiba ta ce, “Ya ɗauke.”

Sau uku ana kunnawa ba ya tashi. Ɗantani ya ce a bar shi ya huce. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya yi ƙasa da murya ya ce mini, “Baba, idon ga ya gaji, faifan ma ya gaji. In ya tashi, ban san ko za mu samu fiye da gwaji ɗaya ba.” Ina jin Rumaisa tana jan hanci tana ƙoƙarin kada a ji.

Ni ban san komai a kan na'ura ba. Abin da na iya shi ne zama da kallo. Ina kallon babban yatsansa duk sau ukun, kuma na lura idan Murja ta ce gabas, dama yake dannawa. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, “Haka taswira take, Baba. Arewa sama, gabas dama. Kowace waya haka na.”

Na ce, “Lokacin da kana Bakura, kana da taswira a waya?”

Ya dube ni.

Na ce masa ranar da muka je karɓar faifan ban ji abin da suka faɗa ba, amma ƙofa a buɗe take. Na ga ya ajiye rimot a tabarma a gaban Murja. Na ga ta sa hannu ta juya shi, ta daidaita kansa, tana nuna shi da yatsa kamar mai koya wa baƙo hanya. Kuma zauren gidanmu na Faru yamma yake kallo, kamar yawancin gidajen da. Wanda ya yi sallama ya shiga, gabas ya sa a gaba.

Ɗantani ya ajiye hannun gem a tabarma. Ya juya shi. Ya sa yatsa a maɓallin sama ya ce, “Gabas.” Ya sa a na hagu, wanda mu muke ce wa hauni, ya ce, “Arewa.” Sai ya dafe kai.

“Inna! Ke kika juya mini rimot a Bakura?”

“To da fa? Ka aje shi a karkace kamar gidan mahaukaci. Wa ka shiga gida da kafaɗa?”

Taiba ta fashe da dariya, har Rumaisa na ji ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

Aka kunna. Bai tashi ba. Aka ɗaga gefensa da littafi, aka sake. Gurnani, shiru, gurnani. Ina ta salati a zuci. Sai kalangu.

Ɗantani ya goge tafinsa a wando. Sama. Sama. Hauni. Sama. Dama. Ya tsaya, ya ce bismilla, ya danna na shiga.

Kiɗan ya yanke. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, uku. Sai guɗa ta cika gidan, guɗar mata da yawa, da ƙarar ƙwarya da ake kaɗawa a ruwa. Taiba ta ce, “Ya buɗe! Ina kamawa, kada wanda ya taɓa komi!” Ɗantani ya saki hannun gem kamar ya ɗauko garwashi, ya jingina da bango ya rufe ido.

Ba mu juya ba. Amma kunne ba shi da labule. Cikin hayaniyar na ji wata ta ce, “Ke Husna, sakar mini ɗankwali, wallahi in kika ɓata mini ɗauri sai na rama ranar naki,” sannan dariya mai tsalle-tsalle, wadda ke ƙarewa da tari. Shekara goma sha biyar ban ji ta ba. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, na ga saƙarta ta fara kwancewa a gefe, na kama ina gyarawa.

A ciki Rumaisa ta ce, “Wacce? Inna, wacce?”

Murja ta ce, “Mai kore. Wadda bakinta bai rufuwa.”

Minti arba'in da ɗaya abin ya yi. Sau biyu ya sarƙe a wurin ƙarcen, muka riƙe numfashi, ya tsallake ya ci gaba. Da ya ƙare Taiba ta duba kwamfuta ta ce ya kamu duka. Ta zuba a memori da hannunta ta ba Murja, ta goge na kwamfutar a gabanta. Ɗantani bai shiga ba sai da aka kashe talabijin. Ya taɓa akwatin ya ce ya yi zafi kamar kaskon masa, ya zare waya.

Rumaisa ta fito tsakar gida idonta ja, fuskarta a sake. Ta durƙusa ta gaida Ɗantani gaisuwa mai tsawo, ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa ba komai, ba komai, aikin Inna ne da Baba. Sannan ta zo ta zauna a bakin tabarmata.

“Tsoho, kun ce mini mai haƙuri ce.”

Na ce mai haƙuri ce.

“Mai haƙuri? Ta yi faɗa da mutum uku a cikin minti arba'in. Ta ƙwace wa wata nama a hannu.”

Murja ta fito tana gyara mayafi. Ta ce, “To yanzu kin san inda kika gado. Tashi mu tai, rana ta yi, ban ɗora komi ba.”

“Inna, in mun je gida za ki ba ni in sake gani?”

“In kin wanke tukwane.”

Suka yi gaba suna ja-in-ja a kan ko tukwane nawa ne. Na tsaya na yi wa Ɗantani sallama, ya rako ni har bakin titi, sannan ya koma buɗe shago, don akwai mai wayar da ke jiransa tun safe.